Yadda Najeriya Ke Yanka Wa Kanta Alkawarin Rage Hayaƙi

A wannan makon shafinmu na kimiyya ya kawo muku bayani a kan wata tambaya. Idan muka ji a rediyo an ce a 2021 Najeriya ta yi alkawarin rage iskar da ke ɗumama duniya da kashi 20 ko kashi 47 cikin ɗari, daga ina aka samo waɗannan lambobi, kuma me suke nufi? Ku karanta har ƙarshe, domin lissafin kashi cikin ɗari da muke yi a aji zai yi mana amfani a nan.

Wace iska ake nufi?

Babbar cikinsu ita ce iskar kabon. Tana fitowa duk lokacin da aka ƙona fetur, dizal, gas, itace ko gawayi. Ta biyu ita ce iskar metan, wadda ke fitowa daga cikin shanu, da gonakin shinkafa da ruwa ya kwanta a cikinsu, da bolar da ke ruɓewa. Idan waɗannan iska suka taru a sama sai su riƙe zafin rana kamar bargo. Daga nan damina ke rikicewa, zafi ya ƙaru, ambaliya ta yawaita. A shekarar 2022 ambaliya ta kashe mutane fiye da 600 a Najeriya, ta kuma cinye gonaki masu yawa.

A watan Disamba na 2015 ƙasashen duniya suka taru a birnin Paris na Faransa, suka amince su hana zafin duniya ƙaruwa har ya kai digiri 2, su kuma yi ƙoƙarin tsayar da shi a digiri ɗaya da rabi. Ba a yanka wa kowace ƙasa kasonta ba. An ce kowa ya koma gida ya yanka wa kansa, ya rubuta, ya miƙa wa Majalisar Ɗinkin Duniya, sannan ya sabunta duk bayan shekara biyar. Wannan takarda ita ake kira NDC a taƙaice.

Mataki na ɗaya: ƙidaya

Ba za ka rage abin da ba ka san yawansa ba. Amma babu wanda zai bi kowane janareta da kowane babur a Tudun Wada da ma'auni. Abin da masana ke yi shi ne lissafi. An san cewa lita ɗaya ta fetur idan ta ƙone tana fitar da kusan kilo 2.3 na iskar kabon. Sai a nemo yawan litocin da aka sayar a ƙasa cikin shekara, a ninka. Haka ake yi wa dizal, da yawan shanu, da faɗin gonakin shinkafa, da dajin da aka sare, da gas ɗin da kamfanonin mai ke ƙonawa a banza a yankin Neja Delta. Da aka haɗa duka, an ƙiyasta cewa a 2018 Najeriya ta fitar da kimanin tan miliyan 347. Fiye da rabi daga makamashi ya fito, wato wutar lantarki, ababen hawa, girki da harkar mai.

Mataki na biyu: hasashe

Sai masana su yi tambaya: idan muka ci gaba da tafiya a yadda muke, ba mu sauya komai ba, nawa za mu fitar a 2030? Jama'a na ƙaruwa, motoci na ƙaruwa, ana son sababbin masana'antu. Amsar da aka samu ita ce kimanin tan miliyan 453.

A nan ne mutane da yawa ke rikicewa. Alkawarin da Najeriya ta yi a 2021 daga wannan 453 ɗin ake cire shi. Bari in kawo misali. Wani gida yana amfani da buhun gawayi 10 a shekara. Maigida ya duba ya ga iyali na ƙaruwa, nan gaba za a buƙaci buhu 13. Sai ya ce zai rage kashi 20 cikin ɗari daga 13 ɗin. Saura buhu 10 da ɗan ɗoriya. Ya yi ƙoƙari, amma har yanzu ya ɗan fi na da.

Ku gwada da biro. Kashi 20 cikin ɗari na 453 ya kai kusan 91. Idan aka cire, saura 362, wanda ya ɗan haura 347. Kashi 47 kuwa ya kai kusan 213, saura 240. Wannan ne ke sauko da hayaƙin ƙasa da na 2018 sosai.

Mataki na uku: zaɓen ayyuka

Lamba kaɗai ba ta rage hayaƙi, sai an yi aiki. Don haka ma'aikatar muhalli ta tarayya ta zauna da ma'aikatun lantarki, noma, sufuri da man fetur, aka duba abin da kowane ɓangare zai iya, da kuɗin da zai ci. Cikin abubuwan da aka rubuta akwai daina ƙona gas a banza kafin 2030, da samar da kashi 30 cikin ɗari na lantarki daga hanyoyi irin su hasken rana da ruwa, da taimaka wa gidaje su koma girki da gas ko ingantaccen murhu mai cin itace kaɗan. A 2021 an ƙara batun shara da na ruwa, waɗanda babu su a takardar farko.

Mataki na huɗu: raba alkawari gida biyu

Kashi 20 shi ne abin da Najeriya ta ce za ta yi da kuɗinta, ko da babu wanda ya taimaka. Kashi 47 kuwa yana da sharaɗi: sai an samu tallafin kuɗi da na'urori daga waje. A takardar farko ta 2015 kashi 45 ne, a 2021 aka ɗaga shi zuwa 47.

Me ya sa aka sa sharaɗi? Domin ƙasashe irin su Amurka, Ingila da Jamus sun shafe fiye da shekara ɗari suna ƙona kwal da mai har suka yi arziki. Afirka gaba ɗayanta ba ta fitar da fiye da kashi 4 cikin ɗari na iskar kabon ta duniya. Ga shi miliyoyin 'yan Najeriya ba su da wutar lantarki ko kaɗan. Ba adalci ba ne a ce wa mai walda ko tela ya kashe janareta alhali babu wuta, ko a ce wa uwa ta bar itace alhali kuɗin gas ya fi ƙarfinta. Shi ya sa a 2009 ƙasashe masu arziki suka yi alkawarin dala biliyan 100 duk shekara, a taron 2024 na birnin Baku kuma aka mai da shi biliyan 300 kafin 2035. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Mataki na biyar: mai da shi doka

A watan Nuwamba na 2021, a taron birnin Glasgo, Shugaba Muhammadu Buhari ya ce kafin 2060 Najeriya za ta kai matsayin da hayaƙin da take fitarwa ba zai wuce wanda itatuwa da sauran hanyoyi ke shanyewa ba. A wannan watan ya sa hannu a dokar sauyin yanayi, wadda ta kafa majalisar ƙasa mai kula da lamarin, shugaban ƙasa kuma shi ne shugabanta.

Mu fa, ina ruwanmu?

A 2030 mu 'yan ƙaramar sakandare mun gama makaranta ko muna dab da gamawa. A 2060 kuma mu ne iyaye da shugabanni. Alkawari kaya ne, kuma wannan kayan a kanmu zai sauka. Saboda haka duk lokacin da kuka ji wata sabuwar lamba a labarai, ku yi tambaya uku: daga wane adadi za a cire ta, zuwa wace shekara, kuma da kuɗin wa? Kafin nan, mu daina cinna wa bola wuta a lungunanmu, mu kuma riƙa ba itatuwan harabar makaranta ruwa a lokacin rani.

Duk wanda ya yi lissafin da ke sama ya samu wata amsa daban, ya rubuto wa ƙungiyar 'yan jarida, za mu liƙa a allo mako mai zuwa in sha Allahu.

Daga wakilin shafin kimiyya, aji biyu na ƙaramar sakandare.