Ragon Sallah Da Littafin Rajista

 

Duk gidan da Allah Ya ba wani nasa kujera a ofishin magajin gari ya san yadda jajiberin Sallah ke kasancewa. Rago ya shigo, buhun shinkafa ya biyo baya, turmin atamfa ya wuce kai tsaye ɗakin uwargida. Wanda ya aiko kuwa sau da yawa mutum ne da takardarsa ta neman fili ko ta kwangila ke ajiye bisa teburin maigidan. Babu wanda ya ambaci takardar. Ba sai an ambace ta ba.

Wannan matsala ba tamu ba ce mu kaɗai. Ingila ta sha wuyarta, kuma yadda ta yi da ita ya cancanci mu tsaya mu duba.

A shekarun 1960 an yi wani mai zanen gine-gine a arewacin ƙasar, John Poulson, wanda kamfaninsa ya bunƙasa da kwangilolin hukuma. Hanyarsa ita ce alheri: ya biya wa jami'i kuɗin tafiya hutu, ya ba wani mota, ya sanya wani ɗan majalisar gari cikin masu karɓar albashi a matsayin mai ba da shawara. Da ya karye a 1972, aka buɗe takardunsa gaban kotu, sai ga shi mutumin ya adana lissafin abin da ya bayar da sunayen masu karɓa. Ministan cikin gida na lokacin, Reginald Maudling, ya ajiye aikinsa a shekarar saboda alaƙar kasuwanci da ya taɓa yi da shi. A 1974 aka yanke wa Poulson ɗaurin shekara 7 gaba ɗaya, shi kuma T. Dan Smith, tsohon shugaban majalisar birnin Newcastle, shekara 6. Abin lura a nan, mai bayarwa ya rubuta komai, masu karɓa ne suka ɗauka zumunci ake yi.

Daga nan aka shiga gyara, sannu a hankali. A 1995 kwamitin Lord Nolan ya fitar da ƙa'idoji 7 na masu riƙe da amanar jama'a, cikinsu har da gaskiya, da yin aiki a bayyane, da fifita maslahar mutane kan ta kai. Dokar 2011 kuma ta wajabta wa kowane ɗan majalisar ƙaramar hukuma a Ingila, wanda mu muke kira konseye, ya rubuta maslahohinsa na kuɗi cikin kwana 28 da kama aiki: sana'arsa, filaye da gidajen da ya mallaka a yankin, kwangilar da ke tsakaninsa da hukumar, da manyan hannayen jarinsa. Rajistar a buɗe take, kowa na iya dubawa. Idan aka kawo batun da ya shafi ɗaya daga cikinsu, ba ya sa baki kuma ba ya jefa ƙuri'a. Wanda ya ɓoye da gangan ya yi laifin da kotu ke hukuntawa da tara, tana ma iya hana shi kujerar har shekara 5.

Wurin da ya fi jan hankalinmu shi ne dokar ba ta tsaya kan mutum shi kaɗai ba. Abin da matarsa ta mallaka, ko mijinta idan mace ce, shi ma sai an rubuta. Masu dokar sun gane cewa abin da aka kasa miƙawa a ofis, ta ƙofar gida yake shigowa.

Game da kyauta da liyafa, kowace majalisa ke tsara nata sharaɗin. Samfurin da ƙungiyar ƙananan hukumomin ƙasar ta fitar a 2020 ya nemi a rubuta duk kyauta ko liyafar da ta kai fam 50, wajen jika 38 ke nan na sefa, cikin kwana 28. Har babbar kyautar da mutum ya ƙi karɓa ana so ya rubuta, domin a san masu zagaye. Wadda kuma ta fito daga mai neman izini ko kwangila, ba a karɓarta ko nawa ce. Ba mu ce tsarin ya cika ba. Dokar 2011 ta soke ikon dakatar da ɗan majalisar da ya saɓa ladubban aiki, kuma a 2019 kwamitin nan da Nolan ya fara shugabanta ya nemi a maido da shi.

Mu dai ba baƙi ba ne ga wannan magana. Ɗaliban hadisi sun san labarin Ibnul Lutbiyya, wanda Manzon Allah (SAW) ya aika karɓar zakka, ya dawo ya ware wani kaso da sunan kyauta ce aka yi masa. Annabi (SAW) ya hau mumbari ya yi tir da hakan, ya nuna da mutumin ya zauna gidan iyayensa da babu mai kawo masa komai. Malaman tarihi kuma sun ruwaito cewa Sayyidina Umar (RA) yakan sa a rubuta dukiyar gwamna lokacin naɗa shi, domin a gwada da abin da ya tara daga baya. Daga nan malamai suka bambanta: wanda kuka saba yi wa juna alheri tun kafin muƙami, bai ƙara kan abin da ya saba ba, kuma ba shi da buƙata a gabanka, hukuncinsa daban da na wanda kujerar ce ta koya masa hanyar gidanka.

A Nijar, zaɓen 2004 ya kafa majalisun komin 265, ya kawo sa hannu kan fili da rumfar kasuwa da harajin gari kusa da unguwanni. A 2024 an rushe majalisun aka naɗa masu riƙo. Zaɓaɓɓe ne ko naɗaɗɗe, maƙwabci ne, suruki ne, abokin sahun sallah ne, kuma a al'adarmu mayar da hannun kyauta abin kunya ne. Nan ne rubutu ke da amfani. Jami'in da ke iya cewa "Alhaji, ka yi haƙuri, duk abin da ya shigo sai na rubuta shi inda kowa zai gani" ya samu mafita ba tare da ya ci fuskar kowa ba, kuma mai mugun nufi da kansa zai janye ragonsa.

Saura uwargida da samarin gida, tunda su ke karɓar saƙo lokacin da maigida ba ya nan. Kafin a kwance igiyar, a tambayi ɗan aike sunan wanda ya aiko, a ɗaure ragon a zaure har maigida ya dawo.