Dutsen Nan Mai Launin Hayaƙi

Tun da samarinmu suka dukufa haƙar duwatsu a Filato da Nasarawa da kudancin Kaduna, da wuya wata ya ƙare wani bai kawo mini dutse a ƙulle cikin tsumma ba, yana tambaya ko kakarsa ta yanke saƙa. Wanda aka fi kawowa mai ƙyalli ne kamar gilashi, gefensa shida, kansa da tsini, launinsa kuwa kamar kwalbar fitila da hayaƙi ya turare. Masana suna kiransa kwaz mai hayaƙi.

Danginsu ɗaya da farin yashin rafi da ƙanƙarar bindiga. Da fari garau yake kamar ruwa, sai dai lokacin da yake tsirowa cikin kogon dutse, ɗan alminiyom ya shiga jikinsa. Daga nan tururin yuraniyom da toriyom na duwatsun kewaye ya yi ta ratsa shi shekaru aru-aru har ya rine. Wani ma baƙi ƙirin. Toriyom ɗin nan akwai shi cikin tarkacen kuza na Jos. Amma kada mai karatu ya tsorata: dutsen kansa ba ya fid da tururin. In aka gasa shi zafi ya kai digiri 300 zuwa 400, launin yakan kuɗe.

Ana yanka shi a yi zobba da sarƙoƙi da 'yan kunne. Mutanen Sikotilan suna ƙawata ƙotar wuƙarsu ta gargajiya da shi.

To, ga inda gizo ke saƙa. Wasu dillalai in za su saya tsakuwa ce, in za su sayar kuwa ta zama "tofaz mai hayaƙi". Ba tofaz ba ne. A ma'aunin tauri kwaz 7 ne, tofaz 8, don haka tofaz yana karce shi. Tofaz kuma ya fi nauyi, ninkin ruwa 3.5, kwaz kuwa 2.65, ko a tafin hannu ana jin bambancin. Kuɗinsa ba ya taka kara ya karya, domin Barazil tana fid da shi tuli, ana ma rina farin a masana'anta.

Abin da ya fi damuna shi ne ƙurarsa. Mai fasa shi a bushe cikin rami yana shaƙar garin da ke daskarar da huhu, ciwon da har yau ba a warkar da shi. A riƙa jiƙa dutsen kafin a sa guduma, a kuma rufe hanci. Na ga saurayi ɗan shekara 25 yana haki kafin ya kai bakin gonarsa.