Maganar Baƙin Mai Ga Masu Motar Lodi

'Yan'uwa 'yan kasuwa da dillalai na Kazaure da Ɓaɓura da Roni da Gwiwa, yau ba farashin gero muka zo da shi ba, maganar baƙin mai ce. Kaka ta kama, motoci sun ɗau hanyar Dawanau, kuma da yawa cikinmu sun mallaki a-kori-kura ko kanta, amma zancen abin da ake zuba wa injin sun bar wa direba da yaron mota.

Mu ma da haka muke, sai da muka ji a jikinmu. Wata shekara mun yi lodin wake daga Roni, direba ya yi juye da man awo da ya saya a bakin titi, wai ya fi araha. Ba mu kai Kazaure ba injin ya buga. Kwana biyu kaya na kan hanya, muka biya kuɗin sauke da na wata mota, muka isa kasuwa wake ya sauka. Da bakanike ya buɗe, mital ya cinye ƙurmus. Abin da aka rage a galan guda bai kai kuɗin mudu goma ba.

To, ga abin da muka koyo tun daga ran nan. Kowace jarka ta gaskiya tana da rubutu iri biyu. Na farko lambar kauri, wadda wata ƙungiyar injiniyoyin Amurka mai suna SAE ta tsara, kamar 20W-50 ko 15W-40 ko 5W-30. Lambar farko mai W ita ke nuna yadda man ke gudu da sanyin safiya, irin na hunturu. In ta yi ƙasa, man ya fi saurin hawa ya kai ko'ina da an tayar da mota. Ta biyun kuwa kaurinsa ne in injin ya ɗau zafi, ana auna ta a zafin digiri 100.

Nan ne mutanenmu ke kuskure. Sai ka ga mutum ya tsoma yatsa, ya murza, ya ce wannan ya yi kauri, mai kyau ne. Ina! Ai mu masu hatsi mun san buhu mai nauyi wani lokaci tsakuwa ce a ciki. Fijo 504 irin wadda aka riƙa haɗawa a Kaduna bayan buɗe kamfanin a 1975, da tsohon injin da ya saki, 20W-50 ya dace da su. Amma ƙananan motocin zamani hanyoyin mansu matsattsu ne, mafi yawa 5W-30 ko abin da ya yi kusa da shi suke so. In ka ɗura musu mai kauri don wai bazara ta yi zafi, ka cuce su, ka ƙara musu shan fetur. A duba littafin mota ko murfin wurin zuba mai, sau da yawa lambar na nan a rubuce.

Rubutu na biyu shi ne API. Harafin S na injin fetur ne, C na injin gas. Harafin da ke biye kuwa, iyakar nisansa a jerin baƙaƙe iyakar sabuntarsa: SL na 2001, SN na 2010, SP na 2020. Na gas akwai CH-4 na 1998 da CI-4 na 2002. Mai gingimari ko kanta ya nemi 15W-40 mai C, don shi ke da maganin da ke riƙe baƙin hayaƙin gas kada ya daskare. Shi ya sa man motar gas kan yi baƙi da wuri, wannan ba lalacewa ba ce, aikinsa yake yi. Wanda ya koma launin koko da madara shi ne abin tsoro, ruwa ya shiga, a tsaya a kira bakanike.

Man awo fa, sau da yawa tushen mai ne tsura ba magani a ciki, ko kuma tsohon juye aka tace. Hukumar SON ta sha kama irinsa. A sayi mai rufe da hatiminsa, a gidan mai ko wurin dilan da aka sani.

Batun lokacin juye, ƙurar hanyoyinmu na ƙauye da nauyin lodi ba sa barin mai ya daɗe. Mu kilomita 5,000 muke yi da man gama-gari, mu canza har da filta. Kazaure zuwa Kano da dawowa wajen kilomita 160 ne, watau sawu talatin ke nan ko da ɗoriya kaɗan. A rubuta ranar a littafin bashi. Kowace safiya kuma a zaro geji a duba kafin a tayar, mota na tsaye a wuri mai daidai.

In an gama juye, maigida ya tsaya a huda jarkar a gabansa, domin masu jabu saye suke yi su sake cikawa. Tsohon man kuma kada a ajiye shi kusa da buhuna, warinsa na kama hatsi, dillali na sunsunawa zai rage kuɗi.