Hutun hunturu: Daga Gyaɗi-Gyaɗi zuwa Yankari neman giwa

Duk yaron da ya tashi a Gyaɗi-Gyaɗi ko Tarauni yana ganin babu abin da za a faɗa masa game da namun daji. Daga Dangi in ka miƙe Titin Gidan Zoo, kafin ka gaji ka isa gidan ajiye namun dajin da aka kafa zamanin Gwamna Audu Bako, wanda ya mulki Jihar Kano daga 1967 zuwa 1975. Muna yara babu Sallar da ba mu je can ba. Mun ga zaki yana hamma, mun ga kura tana kai-kawo a keji, mun tsokani birai har mun gaji.

Wani dattijo mai sayar da goro a bakin masallacin layinmu ne ya sauke mana wannan girman kai. Ya ji muna gardamar wace dabba ce ta fi ƙarfi, sai ya yi dariya ya ce, “Ku 'ya'yan nan, dabbar keji kuka sani. Lokacin da nake yaro wajen nan duk gonaki ne, da dare kukan kura muke ji. A cikinku wa ya taɓa ganin giwa a inda take da iko?” Babu wanda ya amsa. Kullum bakinmu cike yake da ita: mu ce wane toron giwa ne, mu ce giwa a garin wani zomo ce. Amma ko ɗayanmu bai taɓa ganin garkenta a daji ba.

A nan muka ƙudura cewa hutun ƙarshen shekara a Yankari za mu yi shi. Mu takwas ne, duk 'yan uwa: biyar muna jami'a, uku suna sakandare. Tun watan Yuli muka fara adashe, kowa Naira 2,000 duk Juma'a. Autarmu, wadda take aji uku na ƙaramar sakandare, da kuɗin kitson da take yi wa yaran maƙwabta ta riƙa zubi. Iyayenmu ba su yarda ba sai da Kawu, wanda ya daɗe yana tuƙin bas, ya ce shi zai kai mu ya dawo da mu, kuma ba za a yi tafiyar dare ba.

Me ya sa sai da hunturu?

Akwai dalili. Da damina ciyawa takan fi mutum tsawo, ruwa kuma yana ko'ina, saboda haka dabbobi sukan warwatsu cikin daji. Idan rani ya kama, ciyawa ta bushe, ganye ya zube, ƙananan tafkuna su ƙafe, dole dabba ta gangaro inda ruwa yake. A Yankari wannan wuri shi ne Kogin Gaji, wanda ya ratsa tsakiyar dajin. Daga Disamba zuwa Afrilu ne aka fi samun damar ganinsu. A Disamba kuma ga sanyi, ba a shan wahalar zafin bazara.

A wannan lokaci ne baƙi daga Turai suke gudo wa ƙanƙarar ƙasashensu su zo shan rana a Afirka. Har tsuntsayensu ma haka suke yi: dubbai sukan ƙetare Sahara su yi hunturu a fadamun Haɗeja da Nguru. Abin da wasu suke biyan kuɗin jirgi su zo gani, mu tafiyar yini ɗaya ce tsakaninmu da shi.

Mun tashi bayan sallar Asuba, hazo ya rufe gari, kowa ya ƙudundune cikin rigar sanyi. Muka bi ta Hotoro, muka haye gadar Wudil, muka wuce Birnin Kudu da Ningi, muka yi Azahar a Bauchi. Daga nan muka ɗauki hanyar Gombe, muka karkata a Dindima zuwa Mainamaji, inda ƙofar dajin take, a Ƙaramar Hukumar Alkaleri. Mun zaci mun iso. Ashe daga ƙofa zuwa masaukin baƙi na Wikki akwai sauran tafiyar fiye da kilomita 40, duk a cikin dajin. A nan muka fara gane girmansa: faɗinsa ya kai murabba'in kilomita 2,244. An keɓe shi a 1956, aka buɗe wa masu yawon buɗe ido a 1962, ya koma hannun Gwamnatin Tarayya a 1991, sannan aka mayar wa Jihar Bauchi a 2006.

Wanda ya fara yi mana maraba

Ba mu gama sauke kaya ba muka yi baƙo. Bika ne, wanda mu 'yan birni muke kira gwaggon biri. Ɗaya daga cikinmu ya ajiye ledar burodi a kan bas yana ɗaure igiyar takalmi. Kafin ya ɗago, bikan ya sure ledar, ya koma gefe ya zauna, ya yage ta da yatsu kamar mutum, yana ci yana kallonmu. Karin kumallon mutum takwas ke nan ya tafi.

Mun tashi za mu bi shi da dutse, wani ma'aikacin dajin ya hana mu. Ya ce bika yana da fiƙa mai tsawo, kuma ba shi kaɗai yake yawo ba. Ya ƙara da cewa baƙi ne suka koya musu wannan ɗabi'a, don sun saba jefa musu abinci su ɗauki hoto, har suka gane cewa leda na nufin abinci. Muka tuna gyaɗar da muka sha jefa wa birai muna yara, muka yi shiru. A gefe kuma ga gadu, wanda ake kira mugun dawa, ya durƙusa a kan gwiwoyinsa na gaba yana kiwo tsakanin ɗakunan kwana, ko kallo ba mu ishe shi ba.

Da yamma muka gangara maɓuɓɓugar Wikki. Ruwan yana fitowa ne daga ƙarƙashin wani dutse, garai-garai har kana ganin yashin ƙasa. Ɗuminsa digiri 31 ne a ma'aunin Salshiyos, dare da rana, rani da damina. Ga wanda ya baro sanyin Kano, inda wankan safe yake zama yaƙi, shiga wannan ruwa sai wanda ya gwada. Mazanmu suka yi iyo, matan suka samu gefe suka tsoma ƙafa.

Fita ta farko

Washegari da sassafe muka hau buɗaɗɗiyar motar zagaya daji tare da ɗan rakiya. Dokokinsa uku ne: ba a sauka, ba a ihu, ba a jefa komai. Mun ga gwambaza tsaye a bakin ruwa, mun ga mazo ya gilma kamar walƙiya, mun hango ɓauna daga nesa, ga kada kwance a kan yashi baki buɗe. Tsuntsaye kuwa ba a magana, domin an ƙirga fiye da iri 350 a dajin.

Giwa fa? Sai sawunta, mai faɗin faranti, da tulin kashinta, da rassan da ta karya. Ɗan rakiyar ya duba kashin ya ce na jiya ne. Awa biyu muna zagaye, muka dawo.

A mota babu mai magana. Autarmu ce ta fasa shirun, idonta ya kawo ruwa: “Yaya, wata shida ina kitso don in ga kashin giwa?” Wani daga cikinmu ya ce da Gidan Zoo muka je da tuni mun ga abin da muka biya. Ɗan rakiyar ya ji. Ya ce a keji dabba ce take jiran mutum, a nan kuwa mutum ne yake jiran dabba, kuma babu wanda zai yi mana alƙawarin ganinta.

Inda giwayen suka tafi

Da rana muka shiga ɗan gidan tarihin da ke masaukin. Akwai ƙasusuwa da fatu da haure, ga kuma tarkuna da bindigogin da aka ƙwace daga hannun mafarauta. A nan muka fahimci cewa rashin ganin giwa ba rashin sa'a ba ne kawai. Giwayen ne suka yi ƙaranci. Masu kula da dajin sun ƙiyasta cewa waɗanda suka rage ba su wuce 100 zuwa 150 ba, kuma duk da haka suna cikin garke mafi girma da ya saura a Najeriya. Zaki ya fi shiga tsaka mai wuya: a duk ƙasar nan, Yankari da dajin Tafkin Kainji ne kaɗai aka san yana rayuwa a sake, kuma jimillarsu ba ta kai 50 ba.

Babban abin da ya cinye giwaye a Afirka shi ne farautar haure. An haramta cinikinsa tsakanin ƙasashe a 1989, amma fasa-ƙwauri bai tsaya ba. Ga shi giwa ba ta haihuwa da wuri: cikinta wata 22 ne, ɗa ɗaya take haifa, sai bayan shekaru ta sake. In an kashe goma a wata guda, mayar da gurbinsu aikin shekaru ne.

Sai dai labarin yana da ɗaya gefen. Babbar giwa tana iya cin ganye da ciyawa kilo 150 a yini. Idan garke ya fita daga daji ya faɗa gonar dawa ko masara, abincin shekara na gida guda yana iya ƙarewa a dare ɗaya. Manomin ƙauyen da ke gefen Yankari ba kallon hoto yake yi wa giwa ba. Shi ya sa ƙungiyar kare namun daji ta WCS, wadda take aiki tare da Gwamnatin Bauchi, ta sanya wa wasu giwaye abin wuya mai aika saƙo ta tauraron ɗan'adam, don a san inda garke ya nufa, a kare shi daga mafarauta, a kuma gargaɗi manoma. Masu gadin dajin kuwa kwanaki suke yi a ƙafa suna sintiri, suna fuskantar mutane masu bindiga.

Kuma dajin kansa yana buƙatar giwa. Ita take buɗe hanya cikin kurmi ƙananan dabbobi su bi, 'ya'yan itatuwan da ta ci kuma su tsiro a cikin kashinta a wani wuri mai nisa. Tulin da autarmu ta raina, ashe shuka ce.

Shawarar dare

Da dare muka baje sauran kuɗinmu a kan tabarma. In muka cire na man komawa, abin da ya rage zai isa ɗayan biyu: ko mu sake fita daji da safe, ko mu ci abinci mai kyau a hanya mu sayi tsaraba. Aka yi ta ja-in-ja. Kawu ya ce shi ba ruwansa, mai dai kada a taɓa. Autarmu ta ce ta yafe tsarabarta. Muka kaɗa ƙuri'a, shida suka ce a koma.

Mun fita gari bai gama wayewa ba, sanyi yana ratsa ƙashi. Wannan karon babu mai hira, babu mai latsa waya. Mun fi awa guda muna tafiya a hankali kusa da Kogin Gaji, sai ɗan rakiyar ya ɗaga hannu, direba ya kashe mota. Da farko ba mu ga komai ba. Sai muka ji ƙarar reshe ya karye. Abin da muka ɗauka inuwar itace ce ya motsa kunne.

Bakwai muka ƙirga. Wata babbar uwa ce a gaba, domin a garken giwaye tsohuwar mace ce take jagora. A tsakiya ga wani ɗan ƙarami yana tuntuɓe da haɓarsa cikin ƙafafun manya. Abin da ya fi ba mu mamaki shi ne rashin ƙarar tafiyarsu: dabba mai wannan nauyi, amma ba ka jin takunta. Uwar ta tsaya, ta ɗaga hanci sama tana shaƙar iskarmu, ta buɗe kunnuwa. Babu waya tsakaninmu da ita, babu katanga. A lokacin kowa ya gane abin da mai goro yake nufi da inda take da iko. Ba su fi minti biyar ba suka shige kurmi. Hotunan da muka ɗauka duk sun yi dishi-dishi saboda rawar hannu. Autarmu ko wayar ba ta ɗaga ba.

Mun dawo Kano da garin kwaki da ƙuli-ƙuli a ciki, babu tsarabar kowa. Da muka ba mai goro labari, ya ce to yanzu mun isa shiga gardama.

Ga masu niyyar zuwa

Ƙannenmu 'yan sakandare, wannan tafiya ba ta fi ƙarfinku ba. Ku fara tari da wuri, ku nemi izinin iyaye, ku tafi da babba. Ƙungiyar ɗalibai masu nazarin ƙasa ko kimiyyar halittu a makarantarku za ta iya shirya ta tare da malamai, kuɗin ya yi sauƙi. Ku tambayi halin da hanya take ciki kafin ku tashi, kuma ku yi tafiyar rana. Ku riƙi rigar sanyi da gidan sauro da ruwan sha. Ku ware kuɗin fita daji aƙalla sau biyu. Kada ku ba dabba abinci, kada ku yar da leda, kada ku sayi haure ko fata ko ɗan biri a hannun kowa, domin kowane ciniki irin wannan shi yake mayar da mafarauci daji.

Wanda bai samu zuwa bana ba, Gidan Zoo yana nan a bakin unguwa. Ya je da littafi da biro, ya karanta allon da ke gaban kowane keji, ya rubuta daga ina dabbar ta fito da abin da take ci. Mu kam mun riga mun buɗe sabon adashe. Fadamun Haɗeja da Nguru muke hari hunturu mai zuwa, in Allah Ya kai mu, kuma autarmu ce mai riƙe da littafin zubi.