Jirgi Marar Matuƙi Yana Kai Jini, Amma Ba Ya Ɗaukar Mai Naƙuda

A Kaduna, da zarar an ambaci jirgi marar matuƙi, Tudun Biri ke fara faɗo wa mutane a rai. A can ne, daren 3 ga Disamba 2023, jirgin sojoji ya saki bam kan masu taron Mauludi, aka rasa rayuka fiye da 80. Allah Ya jiƙansu. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu, don haka tsoron jama'a ba abin zargi ba ne.

To amma akwai wani irin jirgin a sararin jihar nan wanda kayan asibiti kawai yake dako. A Fabrairun 2021 gwamnatin Nasiru El-Rufa'i ta ƙulla yarjejeniya da kamfanin Zipline na Amurka, a 2022 kuma jiragen suka fara tashi daga cibiyar Pambeguwa a ƙaramar hukumar Kubau. Kafin mu, Ruwanda ta soma a 2016, Gana ta biyo baya a 2019.

Ga yadda ake yi. Ma'aikaciyar jinya a asibitin ƙauye ta tura saƙo ta waya cewa tana bukatar jini, ko allurar rigakafi, ko wani maganin gaggawa. A cibiya sai a haɗa kayan cikin ɗan jan akwati, a sa a cikin jirgin, a harba shi. Da batir yake aiki, yana gudun kimanin kilomita 100 a awa, yana isa nisan kilomita 80 ya dawo, kayan da yake ɗauka kuwa ba su kai kilo 2 ba. Ba ya sauka. In ya zo saitin asibiti sai ya saki akwatin da 'yar lemar takarda, ya juya. Tafiyar da mota za ta yi rabin yini a kanta da damina, shi cikin awa guda ya gama.

Mu a Kudenda cikin gari muke. Ga Asibitin Gwamna Awan a kusa, ga na Barau Dikko a tsallaken kogi. Amma da yawa daga masu aiki a masana'antun unguwar nan iyayensu da ƙannensu na ƙauyukan Kubau da Lere da Kauru, kuma a bakinmu suke jin labari. Sai mu faɗa musu daidai: jirgin nan asibiti yake kai wa kaya, ba ya zuwa ƙofar gidan kowa, ba ya ɗaukar mara lafiya. Macen da jini ya ɓalle mata bayan haihuwa tana iya rasuwa cikin awa biyu. In aka tsaya jiƙe-jiƙe, ko jiran maigida ya dawo daga kasuwa ya ba da izini, jinin zai sauka a asibiti ita tana kwance a ɗaki. Wannan jinkirin, a ganina, ya fi lalacewar hanya kashe mata, kuma ba na'urar da za ta magance shi.

A ja wa yara kunne kada su jefe shi da dutse ko danƙo, mafarauta da 'yan sintiri kuma kada su harbe shi. Wanda ya tsinci jan akwatin a gona kada ya buɗe. Jini da rigakafi zafi na lalata su, ya garzaya da shi asibiti mafi kusa.

Sannan jinin da jirgin ke ɗauka ba a masana'anta ake yin sa ba, daga jikin mutum yake fitowa. Matasan Kudenda, na masallaci da na coci, duk mai ƙoshin lafiya da ya kai shekara 18 ya daure ya je asibiti a gwada shi, ya ba da gudummawar jini tun kafin bukatar ta taso a kan nasa.