Kafin a ce Magana Jari Ce ya yi yawa

Ɗalibin sakandare a Dalijan, ko wanda ke jami'ar tarayya da ke kan hanyar Kalgo, in aka ɗora masa Magana Jari Ce a hannu, littafi na ɗaya har na uku, kauri yake fara dubawa. Ga karatun jarrabawa, ga aikin gona in damina ta faɗi, ga waya cike da labaran soyayya da ake turowa babi-babi. Sai ya tambayi kansa ko wannan tsohon littafi ya cancanci lokacinsa.

Tambayar ba laifi ba ce. Amma kafin a yanke hukunci, yana da kyau a san yadda aka gina littafin.

Abubakar Imam, haifaffen Kagara a 1911, ya rubuta shi a Zariya a 1936, bayan Ruwan Bagaja ya fito da sunansa a gasar da Rupert East ya shirya a 1933. An buga littattafan uku daga 1937 zuwa 1939, shekarar da Imam ya zama editan Gaskiya Ta Fi Kwabo. Wanda bai taɓa buɗe shi ba yakan ɗauka labari ɗaya ne miƙaƙƙe, alhali gajerun labarai ne da yawa aka jera cikin babban labari guda. A na ɗaya, Sarki Abdurrahman ya tafi yaƙi, Waziri ya ƙulla makirci, aku kuma ya yi ta riƙe Musa ɗan sarki da labarai don kada ya fita ya faɗa tarko. A na biyu, akun ya kara da wani aku mai suna Haziƙ a gasar ba da labari. A na uku, yana koya wa ɗansa Fasih sana'ar baki.

Ke nan mai karatu na iya ɗaukar labari ɗaya bayan sallar isha'i, ya gama shi kafin barci ya zo, ya ajiye sai gobe.

Irin wannan karatu ba baƙo ba ne a ƙasar Gwandu. A nan Abdullahi ɗan Fodiyo ya zauna, kuma tafsirinsa Liya'ut Tawili ya fi Magana Jari Ce girma nesa ba kusa ba. Almajiran zaure ba sa auna littafi da nauyinsa. Malam ya biya wa mutum 'yan layuka yau, gobe ya ƙara masa, har ranar sauka ta zo.

Gwaji mafi sauƙi shi ne labari uku. Mai karatu ya bi farkon littafin har inda aku ya fara zuba, sannan ya karanta uku a jere, ɗaya daga ciki da murya, a gaban ƙanne ko abokan hira. Labarin Kalala da Kalalatu, matar da ta cinye kajin da aka soya don baƙo sannan ta haɗa mijinta da baƙon tsere, ya isa ma'auni. Imam ya ɗauko tushen labarai da dama daga Larabawa, Indiya da Turai, ya ɗinka musu rigar Hausa, har mai sauraro ya rantse a maƙwabtansu abin ya faru. In wurin ya ɗauki dariya, ko wani ya tsaya tambayar ma'anar kalmar da kakarsa kaɗai ke faɗa, littafin ya fara biyan kuɗinsa.

Akwai kuma wanda ba zai gamsu ba. Duniyar littafin ta sarakuna ce da fadawa da bayi, mata kuma sau da yawa ta fuskar wayo ko kishi ake nuna su. Mai neman rayuwar yau zai fi samun ta a Turmin Danya na Sulaiman Ibrahim Katsina, ko So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwaheed. Mai son tsohon salo amma lokacinsa kaɗan ne, ga Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa da Ganɗoki na Bello Kagara, yayan Imam. Kowannensu ana iya gama shi a yini biyu, kuma wanda ya ji daɗin Hausarsu yakan koma ya nemi akun Sarki Abdurrahman da kansa.