Ci ba ƙiba, zuciya ba hutu

Wata mace a unguwar Kamazou na ci kamar gara amma tana ramewa, hannu na karkarwa, zufa ko da hunturu. Maƙwabta sai su ce taifod ne, ko iska. Alhali wataƙila tayirod ce, 'yar halittar da ke gaban wuya, take zuba sinadari fiye da kima.

Babban sanadin wannan matsalar cutar Graves ce, wadda likita Robert Graves ya bayyana a Dublin a 1835. Ta fi kama mata, takan kuma turo idanu waje. Bincike ya nuna idan aka yi sakaci, bugun zuciya kan rikice har ya jawo shanyewar ɓarin jiki, ƙashi ma ya yi rauni.

Gwajin jini na TSH ke taimakawa wajen gano matsalar. Likitocin asibitoci irin su Barau Dikko kan fara da ƙwayar carbimazole, tiyata sai in ta kama.